Me Ya Sa Uwa Ke Cewa Nononta Ba Ya Isa?

A ƙasashe da dama da aka tambayi iyaye mata dalilin da ya sa suka fara bai wa jariri wani abu ban da nono tun lokaci bai yi ba, amsar da ke yawan fitowa ita ce: "Nonon ba ya isar sa." Da wuya ka ji wadda ta ce ba ta san amfanin nonon uwa ba. Saƙon ya daɗe da shiga kunnuwa: a sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata 6, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF ke nan, kuma tun 1992 ake ware makon farko na watan Agusta don nanata ta. Amma ƙididdigar 2023 ta nuna kashi 48 cikin 100 ne na jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla a duniya. Binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa a 2016 kuwa ya ƙiyasta cewa da shayarwa ta game kusan ko'ina, da an tsirar da rayukan yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 823,000 a kowace shekara, da na mata kimanin 20,000 daga sankarar mama.

Tunda sani ba shi ne ya yi ƙaranci ba, ƙarin fastoci da sanarwar rediyo ba za su cike giɓin ba. Abin da uwa ta fi buƙata shi ne wanda zai zauna kusa da ita ya duba yadda yaron ke kama nonon, da kuma lokacin da za ta kasance tare da ɗanta. Dalilin haka yana cikin yadda jiki ke haɗa nonon.

Cirewa ce ke kawo shi

Tun ciki na tsakiyarsa nono ke fara haɗa dakashi, wato nonon farko mai kauri mai launin ruwan ɗorawa. Sinadaran da mabiyiya ke fitarwa ne ke danne shi, su hana shi yawaita. Da zarar mabiyiya ta fita, dannewar ta kau, sai nono ya cika tsakanin kwana na 2 da na 4. Shi ya sa idan wani ɓangare na mabiyiya ya maƙale a mahaifa, ko uwa ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, zuwan nonon kan yi jinkiri.

Daga nan sinadarai biyu ke jan aikin. Furolaktin shi ke sa a haɗa nono. Yana tashi duk lokacin da jariri ya tsotsa, kuma ya fi yawa da dare. Oksitosin shi ke matse ƙananan jakunkunan da nonon ke taruwa a cikinsu ya turo shi waje. Oksitosin yana bin halin zuciyar uwa: jin kukan ɗanta ko ƙamshin kansa na iya sa nono ya fara ɗiga, tsoro ko zafin ciwo ko kunya kuwa na iya tsayar da shi na ɗan lokaci. Nonon yana nan, hanyar fitarsa ce ta tsuke. Uwar da aka tsare da ido ana ce mata "ba abin da yake samu" tana cikin yanayin da zai sa maganar ta zama gaskiya.

Abu na uku shi ne ya fi muhimmanci bayan makonnin farko. Kowane nono yana auna kansa: idan ya zauna a cike, sai ya rage haɗawa; idan aka kwashe shi, sai ya ƙara. Da wannan ƙa'ida ake shayar da tagwaye su ƙoshi. Da ita kuma nono ke ƙafewa cikin 'yan makonni a jikin mace lafiyayya. Duk abin da ya rage yawan tsotso, ko ruwa ne, ko bulumboti, ko raba uwa da jariri a ɗakuna daban, ko shayarwa bisa agogo, jiki yana ɗaukarsa a matsayin umarnin rage nono. Girman mama ba shi da alaƙa da yawan nonon da zai bayar, domin kitse ne ke bambanta babba da ƙarami. Haka ma uwar da abincinta bai kai yadda ake so ba tana haɗa nono mai kyau, sai dai jikinta ne ke biyan kuɗin. Shi ya sa ake so ta ƙara abinci da kimanin kalori 500 a rana, don lafiyarta.

Kwana uku na farko

Jaririn da aka haifa lafiya, a tsane jikinsa, a kwantar da shi rub da ciki a kan ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare, a bar su aƙalla sa'a ɗaya. Awo da wanka duk suna iya jira. A wannan sa'a jariri yana farke sarai: zai huta, ya fara lasar hannunsa, ya riƙa ɗaga kai yana lalube da baki har ya kai ga nono. Tsotsonsa na sakin oksitosin, wanda ke sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Ko tiyata aka yi wa uwa, ana iya ɗora mata shi da zarar ta farfaɗo, wani ya tallafa.

Dakashi kaɗan ne, kuma a nan shakka ke fara shiga. A ranar farko jariri na shan mililita 2 zuwa 10 ne a kowane sha, wato daga ƙasa da rabin ƙaramin cokali zuwa cokali biyu. Rana ta biyu 5 zuwa 15, ta uku 15 zuwa 30. Wannan daidai yake da cikinsa. Dakashi cike yake da sinadaran garkuwa da ke shafe bangon hanji su tare ƙwayoyin cuta, yana kuma taimakawa wajen fitar da baƙin kashin farko, abin da ke rage tsananin ciwon shawara. Zubar da shi asara ce babba. Duk wani abin sha da aka riga shi da shi kuwa yana iya shigar da cuta, sannan ya kashe wa jariri sha'awar tsotso.

Dare na biyu wuri ne da shayarwa kan karye. Jaririn da ya wuni yana barci jiya, yau ya farka. Ya sha minti goma, ya yi kamar ya yi barci, ana ajiye shi ya fasa kuka, a mayar da shi nono, a sake maimaitawa har asuba. Uwa ta gaji, ɗinki na mata zafi, ta taɓa nononta ta ji shi da laushi. Nan wani mai tausayi zai miƙo bulumboti. Yaro ya sha mililita 40 ko 50, ya yi barcin sa'o'i huɗu, kowa ya ce ai da ma yunwa ce. A zahiri wannan tsotson na dare shi ne kiran da jiki ke jira don ya buɗe nono sosai, kuma an katse shi. Uwar da aka gaya wa tun tana da ciki cewa wannan dare zai zo, kuma ba alamar matsala ba ce, ta fi iya haƙuri da shi.

Kamun nono

Jariri ba kan nono yake tsotsa ba. Yana cika bakinsa ne da kan nonon haɗe da babban ɓangare na baƙin da ke kewaye da shi, har kan nonon ya kai can cikin ganɗarsa, sai harshe da muƙamuƙi su yi aikin. Idan kan nonon kaɗai ya kama, abu biyu ke faruwa tare: uwa ta ji zafi har fatar ta tsage, yaro kuma ya daɗe a nono bai samu na ƙoshi ba. Nonon da bai fita ba ya zauna, jiki ya rage haɗawa. Kaso mai yawa na "nono ba ya isa" daga nan ya samo asali.

Gyaran yana farawa daga riƙo. Kunnen jariri da kafaɗarsa da ƙugunsa su kasance a layi ɗaya, kada ya zama sai ya karkata wuya (babba ma ba ya iya haɗiya da wuya a karkace). Cikinsa ya manne da na uwar. A tallafe dukkan jikinsa, ba kai kaɗai ba. Hancinsa ya yi saitin kan nono. Uwa ta shafa kan nonon a leɓensa na sama, ta jira sai ya wangale baki kamar mai hamma, sannan ta jawo shi da sauri zuwa gare ta, haɓa ta fara taɓawa. Ita ba ta sunkuyawa ta kai masa.

Mai dubawa zai nemi alamu huɗu: baki a buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓa na taɓa nono, baƙin da ake gani ta saman bakinsa ya fi na ƙasa yawa. Sai kuma a saurara. Tsotso mai amfani yana farawa da sauri-sauri, sannan ya koma a hankali da zurfi, da ɗan tsayawa, ana jin haɗiya, kumatu a cike ba su lotsa ba. Idan zafi ya ci gaba bayan daƙiƙun farko, uwa ta sa ɗan ƙaramin yatsanta mai tsabta a gefen bakinsa ta sassauta kamun, ta sake gwadawa. Kan nonon da ya fito a matse kamar an danne shi shaida ce cewa kamun bai yi zurfi ba. Idan an gyara komai kuma zafin bai tafi ba, a duba ƙasan harshen jariri, domin wasu ana haifarsu da tantanin da ke ɗaure harshe.

A bar shi ya gama da nono ɗaya har ya saki da kansa kafin a ba shi na biyun. Maiƙon nono yana ƙaruwa ne yayin da ake kwashe shi, don haka yaron da ake cirewa bayan minti biyar yana rasa ɓangaren da ya fi riƙe ciki.

Yadda ake gane ya isa

Kuka ba ma'auni ba ne, laushin nono ma haka. Bayan 'yan makonni nono kan daina kumbura ko da yana ba da mililita 750 zuwa 800 a rana. Ma'aunin gaskiya abin da ke fita ne da kuma sikeli. Jariri sabon haihuwa na sha sau 8 zuwa 12 cikin sa'o'i 24. Daga kwana na 5 ya kamata ya jiƙa ƙunzugu aƙalla sau 6 a rana da fitsari mai haske, kashinsa kuma ya bar baƙi ya koma ruwan ɗorawa. Kusan kowane jariri yana rage nauyi a kwanakin farko, sannan ya koma nauyin haihuwarsa zuwa kwana 10 ko 14.

Akwai alamun da ba a jira da su: raguwar nauyi da ta wuce kashi 10 cikin 100, fitsari kaɗan mai duhu, kashi baƙi har kwana na 5, jariri mai barcin da ba a iya tashinsa ya sha, ko idanu da fata da ke ƙara yin rawaya. Wannan yaron ma'aikacin lafiya zai gani a ranar. Ya kamata masu goyon bayan shayarwa su riƙa faɗin wannan da ƙarfi, domin akwai mata ƙalilan da nononsu ba zai wadatar ba da gaske, saboda tiyatar da aka taɓa yi wa mama, ko matsalar maƙoƙo, ko ƙarancin ɓangaren da ke haɗa nono. Dagewa a kan "ki ci gaba kawai" alhali yaro na bushewa cutarwa ce. Idan ƙari ya zama dole, nonon da uwar ta tatsa shi ne na farko, sannan nonon da aka tantance daga ma'ajiyar nono inda ake da ita, sannan madarar gwangwani, a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali, uwa kuma ta ci gaba da sa shi a nono da tatsa.

Maganar ruwa gajeriya ce. Kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma ya ishi jariri ko a tsananin zafi. Idan ƙishi ya dame shi zai nemi nono a kai a kai. Ruwan da aka ba shi yana cike gurbin nono ba tare da gina jiki ba, yana iya kawo gudawa, idan ya yi yawa kuma ya tsinka gishirin jininsa har ya kai ga jijjiga.

Idan nono ya kumbura

Wajen kwana na 3 zuwa na 5 nono kan cika ya yi tauri yana sheƙi, kan nonon ya shafe har jariri ya kasa kamawa. A tatsa kaɗan da hannu don baƙin ya yi laushi, a sa yaro, a ɗora tsumma mai sanyi bayan ya sha. Idan wani sashe ya yi ja da zafi, ga zazzaɓi da ciwon jiki, kumburin ya yi tsanani. Kuskuren da aka fi yi biyu ne. Na farko a daina ba yaro wannan nonon don tsoron ya lalace. Nonon ba zai cutar da shi ba, barinsa a cike kuwa na iya kaiwa ga taruwar mugunya. Na biyu a riƙa murza wurin da ƙarfi, wanda ke ƙara raunata naman da ya riga ya kumbura. Abin yi shi ne shayarwa kamar kullum, sanyi, hutu, da maganin rage zafi. Idan ba sauƙi bayan sa'o'i 24, a ga likita, domin wataƙila sai an haɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Yawancin cututtukan uwa da yawancin magunguna ba sa hana shayarwa. Ko mai ɗauke da cutar ƙanjamau, a ƙasashen da hukumomin lafiyarsu suka zaɓi wannan hanya, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta ce ta sha maganinta ba fashi, ta shayar da nono zalla wata 6, ta ci gaba har aƙalla wata 12. Abubuwan da ke hanawa kai tsaye kaɗan ne, kamar maganin sankara da wata cutar gado da ke hana jariri sarrafa sukarin madara.

Lokaci, da masu cin riba

Wata 6 mako 26 ne. Yarjejeniya ta 183 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2000, ta sa mafi ƙarancin hutun haihuwa a mako 14, da biyan aƙalla kashi biyu cikin uku na albashi, da hutun shayarwa a lokacin aiki wanda ake lissafa shi cikin sa'o'in da ake biya. Ko inda ake bin ta sau da ƙafa, akwai giɓin mako 12. Matan da ke sana'ar kansu ko aikin da ba rajista kuwa, dokar ba ta kai gare su ba sam. Ba adalci ba ne a ɗora wa mace laifin gaza cika wata 6 a tsarin da bai ba ta wata 6 ba.

Abin da ke cike giɓin a aikace shi ne tatsa, kuma a fara koyo mako biyu kafin komawa aiki. Ta wanke hannu, ta sa babban yatsa a sama da manuni a ƙasa, kimanin santimita 2 zuwa 3 bayan kan nono, ta danna ciki zuwa ƙirji, ta matse, ta saki, tana zagayawa. Ba a jan kan nono, ba a goga yatsu a kan fata. Yaron da ke shan mililita 750 a sha 8 yana buƙatar kimanin 90 a kowane sha. Nonon da aka tatsa a mazubi mai tsabta da murfi yana kai sa'o'i 4 a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, kwana 4 a firji, wata 6 idan ya daskare. Ana ɗumama shi ne ta hanyar tsoma mazubin cikin ruwan ɗumi, ba a dafa shi. A wurin aiki ta tatsa duk bayan sa'o'i 3 ko makamancin haka, ta shayar sosai da dare. Duka abin da take buƙata daga mai aikin shi ne wuri mai sirri wanda ba banɗaki ba, da minti 20 zuwa 30, da inda za ta ajiye.

A gefe guda akwai kasuwar madarar gwangwani, wadda cinikinta ya kai kusan dala biliyan 55 a shekara bisa ƙiyasin 2023. A 1981 Majalisar Lafiya ta Duniya, wato babban taron ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya, ta amince da ƙa'idar tallata abubuwan da ke maye gurbin nonon uwa, da ƙuri'a 118, Amurka kaɗai ta ƙi. Ƙa'idar ba ta hana sayarwa ba. Ta hana talla ga jama'a, da raba samfurin kyauta ga iyaye mata, da tallatawa a asibitoci, da kyaututtuka ga ma'aikatan lafiya. Wanda ya fahimci yadda nono ke aiki zai ga hikimar hana samfurin kyauta: kafin gwangwanin ya ƙare nonon uwa ya ragu, na biyun kuma sai ta saya. Sai dai ƙa'idar shawara ce, ba ta da haƙori sai ƙasa ta mayar da ita doka, kuma tallar yanzu ta koma wayoyin hannu, inda ake fassara kuka da tumbuɗi da farkawar dare, abubuwan da kowane jariri ke yi, a matsayin matsalar da gwangwani ke magancewa. Uwar da dole ta sa ta koma ga madarar tana da haƙƙin a koya mata haɗa ta daidai ba tare da tsangwama ba: garin ba a tsarkake yake daga ƙwayoyin cuta ba, don haka a dama shi da tafasasshen ruwan da zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, a bi ma'aunin da ke jikin gwangwani ba ƙarin ruwa, a zubar da abin da ya wuce sa'o'i 2.

Shirin asibitoci masu kula da shayarwa, wanda aka ƙaddamar a 1991 aka kuma sabunta matakansa goma a 2018, an gina shi ne a kan toshe waɗannan ɓarakoki: a bar uwa da jariri a ɗaki ɗaya dare da rana, kada a ba shi komai ban da nono sai da dalilin likita, a horar da ma'aikata. Mataki na goma, wato haɗa uwa da wanda zai ci gaba da taimaka mata bayan sallama, yana da wuyar cikawa, ga shi mata da yawa suna barin asibiti tun nonon bai cika ba. Matsalolin duk a gida suke jiranta, inda miji da dangi ke da tasiri fiye da kowane likita. Taimakonsu mafi amfani shi ne ɗauke mata girki da wanki da hidimar sauran yara, da riƙe jariri bayan ya sha don ta runtsa, da kame baki daga tambayar ko ya ƙoshi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba mai jego da jaririnta cikin sa'o'i 24 na farko, sai tsakanin sa'o'i 48 da 72, sai tsakanin kwana 7 da 14, sai mako na 6. A ganinmu ziyarar kwana na 3 ce ta fi nauyi ga shayarwa, kuma ba ta cika da tambayar "yana sha?" daga bakin ƙofa. Ungozoma ko ma'aikaciyar lafiya ta zauna ta kalli sha guda daga farko har ƙarshe, ta duba kan nonon bayan yaro ya saki, ta tambayi adadin fitsari da launin kashi tun jiya, ta ɗora shi a sikeli ta kwatanta da nauyin haihuwa, sannan ta sa uwar ta tatsa da hannunta a gabanta har ta ga nonon na fita da idonta.